Shawarwari ga mai son kallon wasan besbol a filin Fenway

Masu sha'awar wasan besbol (wasan da ake dukan ƙwallo da sanda) da suka tattauna kan ziyartar filayen wasa a Amurka sun fi yawan ambaton Fenway Park da ke birnin Boston, wanda aka buɗe a 1912, kuma shi ne fili mafi tsufa da babbar gasar ƙasar ke amfani da shi har yanzu.

Shawarar da suka fi nanatawa, wadda ni ma nake ganin ta fi muhimmanci, ita ce a duba taswirar kujeru kafin a sayi tikiti, domin ginshiƙan ƙarfe na tsohon ginin suna tare wa wasu kujeru gani, har mutum ya wuni yana leƙe ta gefe. Sun ce a isa da wuri, a tsaya a kalli koren bangon filin mai tsayin ƙafa 37 da ake kira Green Monster, wanda allon makinsa har gobe da hannu ake sauya lambobinsa daga ciki.

Game da lokaci, watan Afrilu akwai sanyi sosai a Boston, don haka a tafi da rigar sanyi, musamman idan wasan dare ne. Jirgin ƙasa zuwa tashar Kenmore da ke kusa da filin ya fi mota sauƙi, saboda wurin ajiye mota yana da tsada. Musulmi kuma ya tambayi irin naman da ke cikin abincin da ake sayarwa.

Wanda ya zauna kusa da fili ya sa ido, don ƙwallo na iya faɗowa cikin 'yan kallo da ƙarfi, kuma wanda ya cafe ta, tasa ce.