Makulli ko Ɗaki: Musayar Baitoci kan Masu Taɓin Hankali da Ke Kwana a Titi

Mai Tawada:
Birni ya cika da masu kwana bisa hanya,
Wani na ta surutu shi kaɗai har safiya.
A kwashe a kulle, mu ma mu sami lafiya,
Wanda ya ƙi magani a ɗura masa da tsiya.

'Yar Alƙalami:
Malam mai makulli, tsaya ka ji labarin jiya:
Amurka ta taɓa kulle rabin miliyan a ajiya,
Shugaba Kennedy ya sa hannu kan doka a 1963 aka sake hanya,
Aka sallame su, cibiyoyin jinya na unguwa suka zama tatsuniya,
Yau kurkukun Los Angeles ke jinyar da asibiti ya ƙiya.

Gwanin Kari:
Hajiya, 1963 a tsakiyar ɗango? Rera shi da ƙarfi ki ji. Numfashi zai ƙare kafin amsa-amo ya iso. Kuma shi ƙwar huɗu ya kawo, ke kika amsa da biyar.

'Yar Alƙalami:
Baba, ƙirga gaɓa kam ka iya. Yaushe za mu ga naka baitin?

Mai Tawada:
Hajiya mai tarihi, tausayinki daga nesa,
A New York mara lafiya ya tura wata Kendra gaban jirgin ƙasa.
Shi ya sa kotu ke tilasta jinya, doka ce ba wasa,
In ya ƙwanƙwasa miki da dare, ke ki shimfiɗa masa.

Na Hannun Dama:
Kai, Malam! Allah ya ƙara basira. An gama.

Ƙanwar Hajiya:
An gama a ina? Dokar Kendra ta 1999 jinya a waje ta tilasta, mutum yana zaune cikin jama'a. Malaminku kulle ya nema, ya kawo shaidar da ta ƙaryata shi.

'Yar Alƙalami:
Wanda kake tsoro, shi aka fi duka da sata,
Maganin da ke aljihunsa ruwan sama ya lalata.
Finland ɗaki ta fara ba shi, sannan likita ya ziyarta,
Masu kwana a waje suka ragu, je Helsinki ka tabbata.

Baba Gwani, a 2008 suka soma. Na cire shekarar daga baiti don kada jininka ya hau.

Gwanin Kari:
Na gode. Amma "ziyarta" an bar shi a rataye, ya ziyarci wa?

Mai Aikin Dare:
Ku yi haƙuri, sai yau na ga wannan. Ni ba mawaƙiya ba ce.
Ɗaki ba allura, muryoyin ba su daina ba,
Allura ba ɗaki, bai san ranar komawa asibiti ba.
Ɗan sanda ya kawo shi, gado bai samu ba,
An sallame shi da asuba, ba a tambayi inda za shi ba.

Mai Tawada:
Malama, "ba" sau huɗu ai ba amsa-amo ba ne, ƙin amsawa ne.

Gwanin Kari:
A nan ina tare da ita. Amsa-amon "ba" tsoho ne a rubutacciyar waƙa. Kai da ɗangonka na farko ya tashi kamar karin Mutadarak, na biyu ya ɓace a hanya, ka yi shiru.

Na Hannun Dama:
Ramal ne, Baba.

Gwanin Kari:
Yanka min shi gaɓa-gaɓa in gani. Ina jira.