Neman shawara: in sayar da kasona na gonar gado in tafi Libiya, ko in zauna?

Manomin Matamai ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni manomi ne daga wani ƙauye da ke kusa da Matamai, shekaruna 34, ina da mata ɗaya da ƴaƴa huɗu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona wadda a zamaninsa take ciyar da gida guda har shekara ta kewayo, amma da aka raba ta tsakaninmu mu bakwai, abin da ya faɗo hannuna bai cika eka ɗaya da rabi ba. Bana na ɗaure dami 32 na hatsi da ɗan wake kaɗan, kuma na san cewa kafin bazara ta kama rumbuna zai koma fanko, in koma sayen tiya a kasuwa a daidai lokacin da take da tsada.

Ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya mai walda ne a cikin birnin Damagaram, a unguwar Zango. Ya iya aikinsa sosai, yana haɗa ƙofofi da tagogi da amalanke, amma yana kukan ƙarancin aiki da ɗaukewar wuta. Shi ne ya kawo maganar mu tafi Libiya tare, domin wani abokinsa da ke Sabha, a kudancin Libiya, ya ce masa ana neman masu sana'ar hannu da ma'aikatan gona. Matsalar ita ce kuɗin mota da guzuri, kuma ba ni da wata kadara sai wannan gonar. Wani maƙwabci ya riga ya taya ta. Mahaifiyarmu ba ta ce komai ba, amma na ga damuwa a fuskarta. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin wannan tafiya, da waɗanda suka zauna, su faɗa mini gaskiya: shin ya dace in sayar da ita mu tafi?

Tsohon Magini, Garin Malam, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekara tara ina aikin gini a Libiya, tsakanin Sabha da Misrata, kuma na dawo a 2011 lokacin yaƙin da ya kifar da Gaddafi, a bayan babbar mota, da kayan jikina da bargo ɗaya. Saboda haka ba zan ce maka babu arziki a can ba, domin gidan da nake ciki yanzu da kuɗin Libiya na gina shi, da su kuma na aurar da ƴaƴana mata biyu. Amma ƙasar da na sani ba ita ce ta yau ba. A lokacinmu hukuma ɗaya ce, dinari yana da ƙarfi, kuma in mai gida ya hana ka haƙƙinka akwai inda za ka kai ƙara ko da ba kullum ake share maka hawaye ba. Yau iko ya rabu tsakanin gwamnatoci biyu da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, baƙo kuwa shi ne abin da ya fi sauƙin taɓawa.

Bari in bayyana maka hanyar, domin masu kiran mutane ta waya ba su cika faɗarta ba. Daga nan za ka bi ta Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas, wannan kam tafiya ce irin ta kowa. Daga Agadas ne ake hawa bayan Hilux, mutum ashirin da wani abu a cunkushe, kowa riƙe da sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo, a ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku, a wuce Sigidin da Madama, a shiga Libiya ta Tumo, sannan Gatrun da Sabha. In mota ta lalace a inda babu rijiya, ruwan da ke cikin jarkarka shi ne tsawon ranka. Gaskiya ne cewa dokar Nijar ta 2015 da ta hana jigilar baƙin haure an soke ta a watan Nuwamba na 2023, kuma direbobi sun daina ɓuya kamar da, wannan ya rage wani haɗari, amma bai rage zafin hamada ba, bai kuma canza abin da ke jiran mutum a wancan gefen iyaka ba.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne gidan bashi. Wanda kuɗinsa ya ƙare a hanya, ko ya yarda aka ɗauke shi a kan zai biya in ya isa, ana ajiye shi a wani gida a Sabha, a kira danginsa a waya suna jin kukansa, har sai an aiko da kuɗi. Na san gidaje a nan Damagaram da suka sayar da shanu da gonaki don su fanshi ɗansu. To, in kai ka riga ka sayar da gonar tun kafin ka tashi, da me iyalinka za su fanshe ka in abin ya faru, Allah ya kiyaye? Kakanninmu sun yi cin rani, sun je Kano da Kumasi da Abijan, amma suna tafiya ne bayan girbi su dawo kafin ruwan shuka, gona tana nan tana jiransu. Abin da kake shirin yi daban ne. In har zuciyarka ta nace, ka ba da ita jingina a gaban mai gari da shaidu, a rubuta, amma kada ka sayar.

Uwar Marayu daga Kance ta amsa:

Ina gaishe ku, Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗan'uwa mai tambaya, ni zan yi magana ne a madadin wadda ba ka ambaci ra'ayinta ba, wato matarka. Ka faɗi damuwar mahaifiyarku, amma ba ka ce ko ka zauna da uwar ƴaƴanka kun yi lissafi ba, alhali ita ce za ta riƙe yara huɗu ba gona ba rumbu har ranar da kuɗinka na farko zai iso, kuma wannan ranar tana iya ɗaukar wata shida ko fiye.

Mu mutanen Kance mun san ƙarshen wannan lissafi fiye da kowa. Idan miji ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa, mace ce ke ɗaukar yara ta nufi Aljeriya yin bara, domin ta ga maƙwabciyarta ta dawo da katifa da kwanoni. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, a kan hanyar Tamanrasat, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, kuma 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, mafi yawansu ƴan yankinmu. Har yau akwai gidajen da ba a ambaton wannan shekara a cikinsu sai an yi shiru. Waɗanda suka isa lafiya kuma, da yawa ana kamo su a titunan Aljeriya a maido su cikin manyan motoci, wasu baƙin ma ana sauke su a cikin rairayi su taka kusan kilomita 15 da ƙafa kafin su kai Asamaka, garin Nijar da ke bakin iyaka. Yaran da suka yi shekara biyu suna miƙa hannu a titi ba su komawa makaranta da sauƙi, ko ta boko ko ta allo. Wannan na gani da idona a cikin danginmu.

Ban ce kowace tafiya haka take ƙarewa ba. Na ce ne kawai tafiyar namiji ba ta tsaya a kansa shi kaɗai, kuma gonar da kake son sayarwa ita ce abin da zai hana matarka bin waccan hanya idan labarinka ya yi jinkiri.

Mai Walda a Sabon Gari ya amsa:

Ina girmama maganar Baba da ta Hajiya, amma ina ganin an haɗa mutum biyu a cikin awo ɗaya, alhali lissafin manomi da na mai sana'a ba ɗaya ba ne. Manomi in ya tafi, ya bar jarinsa a baya, ya je ya zama lebura a gonar wani. Mai walda kuwa jarinsa yana hannunsa, duk inda ya sauka da shi yake sauka. Ni sana'ar ƙanenka nake yi, kuma na san abin da yake ji. Wani kaso na wutar da muke aiki da ita a nan daga Najeriya yake zuwa, kuma lokacin da aka yanke ta a watan Agusta na 2023 saboda takunkumin da ya biyo bayan juyin mulki, mun yi watanni muna ƙona kuɗinmu a injin janareta, ƙofar da za ka gama a kwana biyu ta kai mako. Matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu tun 2011, amma ba za ta ɗauki dukan masu walda na Damagaram ba.

Sai dai ban yarda cewa Libiya ce kaɗai ƙofa ba. Na yi shekara uku a Kano, wadda ba ta kai kilomita 250 daga nan ba, harshe ɗaya, addini ɗaya, kuma in an yi rasuwa a gida kana iya isowa a yini guda. A can na koyi haɗa injin niƙa da na casar hatsi, wanda shi ne yanzu yake ciyar da ni. Illar Kano a yau ita ce naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, saboda haka abin da ka tara in ka canza shi zuwa sefa sai ya zama kaɗan. Wanda zai je can ya je don ƙarin ilimin sana'a, ba don tara kuɗi ba. Agadas ma tana da aiki ga mai walda, saboda motocin hamada da masu haƙar zinariya da suka yawaita tun da aka gano ta a Jado a 2014, kuma a can mutum yana cikin ƙasarsa da katin shaidarsa a aljihu. Shawarata ita ce ƙanenka ya fara gwada Agadas shi kaɗai da kuɗin aikinsa, kai kuma ka riƙe gida. Ƴan'uwa biyu su hau mota ɗaya su ratsa Tenere, su bar tsohuwa da mata da yara ba namiji ko ɗaya, wannan ban ga hikimarsa ba.

Malamin Gona, Mirya, ya amsa:

Malam, dami 32 a eka ɗaya da rabi ya nuna cewa ƙasar ta gaji, amma ba ta mutu ba. Tambayata ita ce, gawo nawa ne a cikin gonarka? Yankinmu na Magarya da Matamai da Mirya ya yi suna har a wajen Nijar saboda sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara su maimakon a sare su a ƙone. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da ake sayarwa da rani. Kowane manomi ya san hatsin ƙarƙashin gawo ya fi na fili kai. Wannan ba ya buƙatar kuɗi, amma yana buƙatar shekaru, kuma ba zan ruɗe ka in ce zai cika maka rumbu baɗi ba.

Abin da zai iya taimakonka a kusa abu biyu ne. Na farko, ka nemi ƙungiyar manoma da ke yin warantaj, inda ake ajiye wake ko hatsi a sito lokacin kaka a karɓi rance a kansa, a fitar da shi lokacin da farashi ya tashi, maimakon a sayar da shi da arha ga ƴan kasuwa a sake saye da tsada. Na biyu, noman rani. A kwarin Korama da Gidimuni da nan Mirya ruwa ba shi da nisa, ana noman rake da kabeji da albasa da tumatir da rogo, kuma masu garka da yawa suna neman wanda zai yi aiki a raba amfani. Wata biyar na rani da kake zaune, su ne ainihin abin da kake da shi na sayarwa, ba gonar ba. Na yarda cewa yawan jama'a ya sa gonaki suna ƙanƙancewa a kudancin jihar nan, kuma ba kowane ɗa ne gonar ubansa za ta riƙe ba; dole wasu su nemi wata sana'a. Amma wanda ya sayar da gona a ƙasar Matamai a yau, da wuya ya iya sake sayen irinta ko da ya dawo da kuɗi, domin masu ita ba su saki.

Manomin Matamai ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta taɓa ni, domin gaskiya ne ban zauna da mai ɗakina a kan wannan batu ba sai daren jiya, kuma abin da ta fara tambayata shi ne inda za su samu hatsi idan na wuce wata uku ban aiko ba. Ban sami amsar da zan ba ta ba. Na gaya wa maƙwabcin nan cewa ba zan sayar ba. Ƙanena bai ji daɗi ba, kuma har yanzu yana nan a kan maganar Sabha, amma ya yarda zai je ya gaishe da Baba na Garin Malam ranar Alhamis in ya fito kasuwar Dole, idan Baba ya ba da izini, domin ya ji bayanin gidan bashi daga bakin wanda ya san ƙasar.

Malamin Gona, gawo huɗu ne a gonar, manya biyu da ƙanana biyu, akwai kuma tohon kalgo da sabara da nake sarewa kowace shekara, bana zan bar su. Ina roƙon ku ƙarin bayani a kan aikin garka a Gidimuni: a wane wata ake fara ɗaukar masu aiki, yaya ake raba amfanin tsakanin mai garka da mai aiki, kuma shin mutum yana iya komowa gida kafin ruwan farko ba tare da ya rasa kasonsa ba?