Sikanin zai iya nuna inda kansar matsarmama ta kai?

Ɗan Bolari:
Salam 'yan uwa. Mama ce tun bayan babbar sallah take fama da ciwo a gefen dama ƙasan haƙarƙari, in ta ci abu mai maiƙo sai amai, mu duk mun ɗauka olsa ce. Jiya aka mata sikanin nan Gombe, likita yace akwai duwatsu a matsarmamarta kuma bangon ya yi kauri sosai ta gefe ɗaya, yana zargin kansa, wai sai an yi CT, wani hoton cikin jiki na daban da ake ɗauka da na'ura. To shi sikanin da muka biya bai isa ya nuna ko abun ya yi nisa ba ne?

Maman Ihsan:
Allah ya ba Mama lafiya. Ta karya kafin a yi? Ni sai da suka sa na yi awa 8 ban ci komai ba, wai in ka ci abinci matsarmamar tsukewa take yi, bangon ya fito kamar mai kauri.

Mai Sikanin Bauchi:
Gaskiyar Maman Ihsan, awa 6 zuwa 8 muke cewa. Amma kauri ta gefe ɗaya dole a bi shi. Bangon lafiyayye baya wuce milimita 3, siriri ne kuma manne yake da hanta, shi yasa kansar wajen bata wahalar tsallakawa. Abinda nake zuba ma ido shine layin nan mai haske na wajen bangon, in yana nan bai yanke ba da alama kansar bata fasa bangon ba, in ya ɓace tsakanin matsarmamar da hanta to magana ta canza. Sai dai iskar hanji da su kansu duwatsun suna tare mana gani, ga kumburi ma yana kawo kauri. Akwai sikanin da ake zura wa ta baki, EUS, ya fi nuna zurfin. CT kuma shi ke duba hanta da kaluluwa da jijiyoyin jini, da shi likitan tiyata zai san ko matsarmamar kaɗai zai cire ko har da ɓangaren hanta. Kada ku tsaya jiƙe-jiƙe don Allah, musamman in idonta ya fara rawaya.

Ɗan Bolari:
Na gode malam. Bata ci komai ba, da asuba muka fita. Idon kam fari ne har yanzu. Yayana ya turo kuɗin CT ɗin, Litinin zamu koma in sha Allah.