A taimaka mini da fim ɗin binciken kisa mai magana a ƙasan magana

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama zangon farko na True Detective, na 2014, mai kashi takwas. Ina neman wani irinsa, wanda ba kama mai laifi kawai ake yi a tashi ba. Amma don Allah kada wanda ya faɗa mini ƙarshen labari.

Auta: Wa alaikumussalam Anti. Kin lura da zanen nan mai murɗewa da ke ta fitowa, a bayan gawar da sauran wurare? Ni fa kowace alama sai na tsayar da fim ɗin na ɗauki hotonta. Har kalar rigunansu ina ganin da ma'ana.

Malam na Adabi: Auta, sannu da ƙoƙari, amma ka bi inuwa ka bar mai ita. Koma kashi na biyar. 'Yan sandan biyu suna zaune a 2012 suna ba masu yi musu tambayoyi labarin musayar wutar da suka ce sun yi a 1995. Bakinsu na cewa harsashi na ta ruwa a kansu, hoton kuma na nuna mana ɗayansu ya harbe mutumin da ke ɗaure da ankwa, sannan suka shirya wurin ya yi kama da fagen artabu. Babu wanda ya fito ya ce maka ƙarya suke yi. An bar ka kai kaɗai da kunnenka da idonka suna musu. Daga nan kuma sai ka fara tambayar kanka sauran labarin nasu nawa ne gaskiya. Wannan ya fi kalar riga.

Auta: Malam ka kashe ni da ranata 😂

Baban Zaure: Maman Biyu, 'yata, koma baya ki nemi Columbo. Tsohon hannu ne, an fara shi sosai a 1971 a Amurka, Peter Falk ne jarumin. Ba ma abin da wani zai ɓata miki, domin a kusan kowane kashi tun farko ake nuna miki wanda ya yi kisan da yadda ya yi. Abin kallon shi ne yadda za a kama shi.

Ki duba su wa yake kamawa. Likita, marubuci, babban ɗan kasuwa, masu gidajen alfarma a Los Anjeles. Shi kuwa ya zo da yamutsattsiyar rigar ruwa, da guntun sigari a hannu, da tsohuwar Peugeot wadda sai an yi mata addu'a. Ya tsaya a falo yana laluben fensir a aljihu, yana yaba kujeru, yana ba da labarin matarsa da ba a taɓa nuna ta ba. Mai gida ya raina shi, ya saki baki. Sai ya kai ƙofa kamar ya tafi, ya juyo da wata 'yar tambaya. Fim ɗin bai taɓa yin wa'azi a kan masu kuɗi da talakawa ba, amma a kusan kowane kashi raini ne ke kai mai kuɗin ƙasa.

Maman Biyu: Baba ai wannan ya girme ni. Ba zai yi mini sanyi ba kuwa?

Baban Zaure: Zai yi. Ba gudu da mota, ba harbe-harbe, bindiga ma ba ya ɗauka. Amma za ki kalla da yaranki ba tare da kin riƙe rimot a hannu ba, wanda True Detective bai ba ki wannan damar ba.

Ɗan Damagaram: Ni shawarata The Bridge, na Siwidin da Denmak, 2011. An tsinci gawa a kan gadar da ta haɗa Kofanhegan da Malmo, daidai kan layin iyaka, dole 'yan sandan ƙasashen biyu su yi aiki tare. Wannan a farko-farko ne, ba ɓata labari na yi ba: gawar ashe ta mutum biyu ce aka haɗa. Rabin sama na wata 'yar siyasa ce ta Siwidin, rabin ƙasa na wata mace mai zaman kanta daga Denmak, wadda aka kashe tun da daɗewa ba a damu da binciken ba. Sai da aka jingina ta da babbar mace sannan mutuwarta ta zama labari. Wanda ya fi jin Faransanci, an sake yin sa da sunan Tunnel a 2013, tsakanin Faransa da Ingila.

Hajiyar Indiya: Duk kun tafi Turai. Ƙanwata, nemi Paatal Lok, na Indiya, na 2020 a Amazon Prime. Ba irin CID, shirin 'yan sandan Indiyan nan da muka saba, ba ne, da ake banke ƙofa a kama mutum kafin minti arba'in. Tun buɗewa wani sufeton 'yan sanda yake gaya wa yaronsa a mota cewa duniya uku ce: ta sama ta alloli, ta tsakiya ta mutane, ta ƙasa ta ƙwari, kuma ofishinsu a ta ƙasan yake. Ya ce a littattafan addininsu yake, amma shi a WhatsApp ya karanta. An kama mutum huɗu da zargin shirin kashe wani babban ɗan jarida, sai aka bi asalin kowannensu har ƙauye, aka ga yadda bambancin asali da talauci suka ƙera su. Ki sa ido a kan ƙaramin jami'in, Ansari, Musulmi ne. Akwai inda ogansa ke zagin wanda ake tuhuma da addininsa, shi yana tsaye a wurin. Fuskarsa kawai za ki kalla. Sai dai akwai ashar da jini sosai, a kalla bayan yara sun kwanta.

Auta: Hajiya, karnukan da ke cikinsa fa? Kada Malam ya ce su ma inuwa ce.

Malam na Adabi: A'a, nan kam ka ci. Karen yana da aiki a labarin, har ya juya makomar wani, kuma yana da tushe a tatsuniyoyin addininsu. Ma'aunina ke nan: in ka cire alamar labarin bai girgiza ba, ado ce.

Tunda an zo nan, The Wire, 2002 zuwa 2008, zango biyar a birnin Baltimo. Wanda ya ƙirƙiro shi, David Simon, tsohon ɗan jarida ne a garin. Kowane zango da inda ya sa gaba: dillalan ƙwaya, tashar jiragen ruwa, siyasar gari, makarantu, gidan jarida. A kashi na uku na zangon farko wani saurayi dillalin ƙwaya yana koya wa yaran aikinsa biyu darar Turawa, yana kwatanta sarki da ubangidansu, ƙananan sojojin kuma da irinsu, masu saurin fita daga wasa. Ki riƙe fuskokin mutum ukun nan. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Ɗan Damagaram: Malam, Turancinsu fa na unguwa ne. Ba fassara a ƙasa na kasa.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Zan fara da The Bridge, Columbo kuma na ajiye wa ranar Asabar da yara. Hajiya, naki kashi nawa ne? Datata ba ta da yawa.

Hajiyar Indiya: Tara ne zangon farko. Rage ingancin hoton kafin ki sauke, amma kada ki rage da yawa, wurare da dama da dare aka ɗauka.