Wai wanene Solvay ɗin nan da ake haɗa sunansa da soda ash?

Maman Khalifa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni sana'ata haɗa sabulu ce, na wanki da na ruwa, shekara shida kenan ina siyan soda ash ban taɓa tunanin daga ina take fitowa ba, ni dai in auna in jiƙa in juya. To jiya yarona ɗan SS2 yana bitar kemistiri a tsakar gida sai ya kalli buhun ya ce Umma kin san hodar nan da gishiri ake yinta, kuma wani Solvay ne ya fito da hanyar? Wai malaminsu ya ce mutumin ya yi arziki kuma ya yi alheri da dukiyar sosai. Dan Allah wanda ya san tarihinsa ya warware min, abin ya tsaya min a rai.

Malam Kemistiri:
Wa alaikumus salam Hajiya, yaronki ya yi gaskiya Allah ya masa albarka. Ernest Solvay sunansa, ɗan Beljiyam, an haife shi 1838 ya rasu 1922. Abin da ke taɓa min zuciya a labarinsa shine bai yi jami'a ba, ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi yana saurayi karatu ya tsaya, sai ya kama aiki a masana'antar gas ta kawunsa, a can ya fara wasa da amoniya da ruwan gishiri.

Kafin shi da hanyar wani Bafaranshe mai suna Leblanc ake yin soda, ita kuma bala'i ce, hayaƙin asid ɗinta yana ƙone gonaki da bishiyoyi, sharar kuma a tara ta tsibi-tsibi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, har sai da Ingila ta kafa doka a kai a 1863. Shi kuwa Solvay ruwan gishiri yake haɗawa da amoniya, ya gasa dutsen farar ƙasa ya tura iskar da ta fito cikin wata doguwar hasumiya, sannan ya sake ƙwato amoniyar ya ƙara aiki da ita, nan ne sauƙin kuɗin yake. Wasu sun gwada kafin shi sun karye, shi ma da ƙaninsa Alfred da suka kafa kamfani a 1863 suka gina masana'anta a garin Couillet na Beljiyam saura ƙiris su tsiyace, da kuɗin dangi aka tallafe su. Da abu ya kankama sai sabulu da gilashi suka yi araha, talaka ya samu.

Af, kuma kanwar da kike sawa a miyar kuka, sinadarin da ke cikinta dangin soda ash ɗin ne, ita dai Allah ne ya ajiye ta a ƙasa.

Abban Sadiya:
Malam ka bar wajen da Hajiya ta fi tambaya ai, alherin. Ni abin da na fi girmama shi da shi ma'aikatansa, ya basu fansho, ya mayar da aiki awa takwas tun kafin dokar ƙasar ta tilasta a 1921, kuma a 1913 ya fara basu hutu ana biyansu albashi. Ni na yi shekara tara a wata masana'antar roba, awa goma sha biyu a tsaye, ranar da injin ya datse min yatsa aka ɗaure min da bandeji aka ce in dawo jibi ko a ɗauki wani, don haka in na ji mai kamfani ya yi wannan shekara ɗari da suka wuce wallahi ba ƙaramin abu bane a wurina.

Ya gina cibiyoyin bincike a jami'ar Brussels har da makarantar koyon kasuwanci da take ɗauke da sunansa har yau. A 1911 ya ɗauki nauyin taron masana fiziks a otal ɗin Metropole da ke Brussels, su Einstein da Marie Curie da Max Planck duk sun zo, aka ci gaba da yin taron, hoton na biyar na 1927 mutum 29 ne a ciki, 17 sun ci kyautar Nobel. Da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1914 yunwa ta tunkaro, yana cikin waɗanda suka kafa kwamitin ciyar da jama'a kuma ya zuba kuɗinsa.

Injiniya Zinder:
Duk gaskiya ne amma a faɗi ɗaya gefen don yaron ya sani. Hanyar tasa ma tana da shara, tana fitar da ruwan gishiri mai farin laka da yawan gaske. Tafkin Onondaga kusa da Syracuse a Amurka, inda aka yi shekara kusan ɗari ana yin soda da hanyar nan, sharar nan tana cikin abin da ya lalata shi, an hana wanka a ciki tun 1940. Ta fi ta Leblanc tsafta nesa ba kusa ba, amma mutanen bakin tafkin sun ɗanɗana kuɗarsu.

Maman Khalifa:
Kai Allah ya saka da alheri, na karanta wa Khalifa duka, yanzu haka ya ɗauko biro yana zana hasumiyar a bayan littafinsa. Abban Sadiya Allah ya ƙara lafiya ya musanya maka da mafi alheri. Maganarka ta sa na tuna yaran nan biyu da suke taya ni juya sabulu, hannu tsirara suke taɓa kostik, gobe in sha Allah zan siyo musu safar hannu.