Neman shawara: Shin sunan harshen Nim daga kalmar sata ya samo asali?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin fara koyon rubuta manhaja, kuma an ba ni shawarar in fara da harshen Nim, amma da na duba ƙamus sai na tarar tsohuwar kalmar Turanci ce mai nufin sata. Daga nan sunan ya fito? Kuma ya dace da ɗan koyo irina?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ƙamus bai yi kuskure ba, sai dai sata ma'ana ce da ta zo daga baya. A Turancin da, "niman" na nufin ɗauka ko kamawa, kuma 'yar uwar "nehmen" ce ta Jamusanci. Da kalmar "take" ta shigo daga harshen mutanen arewacin Turai da suka mamaye sassan Ingila, sai ta ture "niman" a hankali, har "nim" ta ƙare a bakin ɓarayi da ma'anar yin awon gaba da kayan mutane. Ta dai bar 'ya'ya: "numb", wato gaɓar da sanyi ya kama har ta daina ji, da "nimble", mai zafin nama.

Injiniyar manhaja: Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma sunan harshen ba daga nan ya fito ba. Wani Bajamushe, Andreas Rumpf, ya fitar da shi a 2008 da sunan Nimrod, wanda muka fi sani da Namarudu, sannan aka gajarta shi a 2014. Sigarsa ta 1.0 sai a 2019 ta fito. Rubutunsa yana kama da na Python, wani sanannen harshen rubuta manhaja, domin da tazarar farkon layi ake gane tsarin umarni, amma ana juya shi zuwa C, wani tsohon harshen rubuta manhaja mai sauri, shi ya sa shi ma yake da sauri. Duk da haka, ƙanena, ka fara da Python. Masu amfani da Nim kaɗan ne, saboda haka ranar da ka maƙale ba lallai ka sami mai fitar da kai ba, kuma guraben aikinsa ba su da yawa.

Wani ɗalibi: Hajiya, ni na ga amfanin Nim wajen fahimtar nau'o'in bayanai, kamar lamba da rubutu, tunda yana gano kuskuren cakuɗa su kafin manhajar ta fara aiki. In za ka yi bincike a Google, ka rubuta "nim lang", in ba haka ba wasan kwasar ashana mai wannan suna zai riƙa fito maka.