Me za mu kira "remake" da Hausa?

Jama'a, ga wata gardama da ta hana mu shan shayi na uku daren jiya a fadarmu ta Ali Ɗan Sofo. Ƙanena ne ya zauna da salula yana ta harbin wasu ƙwari masu sauka daga sama, na leƙa na ce ai wannan Space Invaders ne, wasan da ya girme mu duka. Ya ce, "A'a Yaya, rimek ɗinsa ne." Yana nufin tsohon wasa ne da aka sake ginawa daga tushe. Na ce ya faɗa mini da Hausa. Ya yi shiru. Muka koma ga Faransancin da muka koya a lakwal, sai muka tarar su ma Faransawa aron kalmar suka yi daga Ingilishi. To, mu ba za mu yi aron aro ba.

Sunan irin wasan bai ba mu wahala ba. Wasan harbi ne, wanda a da ake yi a tsaye gaban wani dogon akwati mai cin tsabar kuɗi. Wani ya ce a kira shi harbi-ka-kauce, kuma ya burge ni, don duk wanda ya taɓa Space Impact a Nokia 3310 ya san aikin ke nan: ka harba, ka goce.

Kalmar farko da aka jefo ita ce ɗumame. An yi dariya sosai, amma ban yarda ba. Ɗumame tuwon jiya ne, ba a ƙara masa gari ba, wuta kawai aka sa masa. Wannan ya dace da abin da ake yi in an ɗauko wasan Galaga na kamfanin Namco, na 1981, aka sa shi cikin sabuwar na'ura yadda yake, da launinsa da ƙararsa. A bar ɗumame a wurinsa, yana da amfani, amma ba shi muke nema ba.

Sai aka ce kwaskwarima, wani kuma ya ce sabon yaɓe. Na fi son yaɓe, don bangon yana nan, fuskarsa ce ta sake. Wasan R-Type Dimensions na 2009 shi ne misalin: kana tsakiyar wasa za ka danna maɓalli zanen asali na 1987 ya dawo, ka sake dannawa sabon zane ya hau, amma abokan gaba suna fitowa daga inda suka saba. Wannan shi Turawa ke kira "remaster", ko dab da shi.

Kalmar da nake tsaye a kanta ita ce SABON ZUBI.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane zai gane ni. Maƙerin yakan ɗauko tsohuwar tukunya ya binne ta cikin damshin ƙasa, ya daddanna har siffarta ta zauna, sannan ya zare ta. Sai ya narka gwangwanaye da tarkacen sanholama, ya kwarara cikin gurbin da ta bari. In ta huce aka fasa ƙasar, tukunya ce mai kama da waccan sak, amma babu ko ƙwayar ƙarfen tsohuwar a jikinta. In ya ga dama ya ƙara mata kunne ko ya kaurara gindin.

Haka aikin yake a wasa. Lokacin da Tomohiro Nishikado ya ƙera Space Invaders wa kamfanin Taito a Japan a 1978, ƙwaƙwalwar na'urar, Intel 8080, ba ta da ƙarfin motsa ƙwari 55 da sauri. Kana kashe su nauyi na raguwa, sauran suna ƙara gudu, har na ƙarshen ya zama kamar an sako shi daga baka. Nishikado ya ga abin ya yi daɗi, ya bar shi. Salular yau ba ta jin nauyin ƙwari 55, saboda haka duk mai sake gina wasan dole ya rubuta wannan saurin da gangan. Siffar ya ɗauka, ƙarfen nasa ne. Space Invaders Extreme na 2008, wanda aka fitar don cika shekara 30, ya ƙara har da kunnuwa: ka harbe ƙwari huɗu masu launi ɗaya a jere ka samu sabon makami, harbinka kuma yana shiga cikin kiɗa. Kamfanin Atari ma ya bi hanyar da Missile Command: Recharged a 2020, sannan Centipede da Asteroids a 2021.

Kawunmu, tsohon malamin makaranta, yana gefe da carbinsa yana jin mu. Ya ce, "Kai yaro, zubi ai na adashi ne. Ka ce sabon zubi, matan unguwa su ɗauko jikarsu." Na ce, "Kawu, Allah shi ba ka haƙuri, ai magina ma suna zubi, ba a taɓa kai musu kuɗin adashi ba." Ya yi murmushi, ya ce to in gwada ta cikin magana, don kalmar da ba ta shiga baki ba ta mutu tun ran suna.

Na gwada. "An yi wa Asteroids sabon zubi." "Wannan ɗumame ne ko sabon zubi?" "Sabon zubin bai kai na asali ba." Duk sun zauna. Inda na ɗan yi tuntuɓe shi ne jam'i, don "sababbin zubi" yana da nauyi a harshe, sai dai a ce wasanni masu sabon zubi.

Mutanen Katsina da Damagaram, ku faɗa mana ko kuna da wadda ta fi. Ƙanena dai da safen nan na ji yana gaya wa abokinsa a waya ya turo masa "sabon zubin nan na ƙwari", kuma abokin bai tambaye shi me yake nufi ba.